Daga Sungai Way zuwa MH370: tarihin had-dis a Kuala Lumpur

Edita ya ce a wannan fitowar kowa ya kawo tarihin wani abu daga garin da ya tashi. To ni dai a Gombak na tashi, nan gefen Kuala Lumpur, inda Babanmu ya zo karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, karatun da aka ce na shekara uku ne amma ya rikiɗe ya zama zama. In kun ga Hausar ta ɗan karkace ku yi min uzuri, a bakin Umma na koye ta, a kicin.

Na san wasu na jiran labarin tagwayen benen Petronas. Ku yi haƙuri. Labarin wani ɗan akwatin ƙarfe zan ba ku wanda bai fi tafin hannu ba, wato ma'adanar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira had-dis. Garin nan ya daɗe da ita. Ya ƙera ta, ya sayar da ita, ya gyara ta, sannan a 2014 duniya ta zuba ido tana jiran abin da za a tono daga cikin wasu da 'yan sanda suka ɗauko a gidan wani matuƙin jirgi. Amma bari in fara da ɓarnar da na yi da hannuna.

Ranar da na danna "eh"

A 2007 ne, ina ɗan shekara 14. Baba na da wata tsohuwar ma'adana mai gigabait 40 da ya ciro daga laftof ɗinsa na farko, ya sa mata gida, ya mayar da ita wurin ajiya. A ciki akwai babi huɗu na kundin digirinsa, da hotunan zuwanmu Katsina na ƙarshe kafin rasuwar Kaka. Na jona ta don in kwafi wasan ƙwallo, sai Windows ta fito da wani ɗan akwati tana tambaya wai ko a yi wa ma'adanar fomat. Ni kuwa na saba duk abin da kwamfuta ta tambaya in ce mata eh. Kafin ka ce kwabo komai ya zama fili fetal.

Baba bai dake ni ba, kuma wallahi da dukan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dai ce, "Sa takalminka." Muka hau jirgin ƙasa, muka canza zuwa monorel, muka sauka a Bukit Bintang.

Wanda bai san Plaza Low Yat ba, ya ɗauki Farm Centre ta Kano ya ɗora ta hawa-hawa ya sa mata na'urar sanyaya ɗaki. An buɗe ta a 1999, shekara uku bayan Mahathir ya ƙaddamar da shirinsa na mayar da ƙasar cibiyar fasahar sadarwa, shirin da ya haifi garin Cyberjaya. Kafin ita, Imbi Plaza ce matattarar 'yan kwamfuta. A wani lungu a can sama muka sami wani dattijo ɗan asalin Sin, kowa na kiransa Ankul kamar yadda ake kiran duk wani babba a nan.

Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki: ya ba ta wuta, ya kara ta a kunnensa, ya yi shiru kamar likita. Daga baya na gane dalili. A cikin akwatin akwai faifai na gilashi ko alminiyom da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. A samansa akwai wani siririn hannu mai ɗauke da kan da ke karatu da rubutu. Kan ba ya taɓa faifan, iskar juyawar ce ke ɗaga shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu kaurin silin gashi ya ninka ta sau dubbai. Idan wannan kan ya lalace, za ka ji ƙas, ƙas, ƙas, yana neman hanya yana komawa. Ma'adanar da ke wannan kukan ba manhajar da za ta yi mata magani. Duk daƙiƙar da ta ƙara tana juyawa, tana iya kankare faifan, abin da aka kankare kuwa ya zama ƙura. Ita sai ɗaki na musamman mai tace iska, inda za a buɗe ta a canza mata kai, kuma kuɗin ba na wasa ba ne.

Tamu ba ta kuka. Ankul ya gyaɗa kai.

Sai ya duba littafin lafiyar da ita ma'adanar ke rubuta wa kanta, wanda ake kira SMART, tsarin da kamfanoni suka fara sakawa tun tsakiyar shekarun 1990. A ciki ake ganin gurabe nawa suka mutu aka maye su, nawa ke jiran hukunci. Sai dai littafin ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. A wannan shekarar ta 2007 injiniyoyin Google suka fitar da bincike kan ma'adanai sama da 100,000, suka ga kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin mutuwar. Amma wadda ta nuna kuskuren sikanin ko da sau ɗaya, haɗarin mutuwarta cikin kwana 60 ya ninka na sauran sau 39. Wato in ta ce ba ta da lafiya ka yarda da ita, in ta ce lafiya lau ka ci gaba da sa ido.

Rajista daban, shago daban

A nan ne aikin sikanin na can ƙasa ke shigowa, kuma don a gane shi sai an san yadda ake ajiya. An yanka faifan gurbi-gurbi, kowane gurbi ana ce masa sekta, yana cin baiti 512, sababbin kuma 4,096. Tamu mai gigabait 40 na da sekta wajen miliyan 78. Ku ɗauke su a matsayin shagunan Kantin Kwari, sannan akwai rajista a ofishin shugaban kasuwa da ke cewa kayan wane na shago kaza da kaza. Windows rajistar take karantawa. Idan ka goge fayil, sunan kawai ake shafewa a rajista, a rubuta cewa shagon ba kowa. Atamfofin na nan a jibge har ranar da sabon ɗan haya ya zo ya zuba nasa a kai.

Wannan sirrin tsoho ne. A zamanin DOS, goge fayil na nufin a maye harafin farko na sunansa da wata alama, E5, a saki gurabensa, shi ke nan. Wani Ba'amurke mai suna Peter Norton ya yi suna da kuɗi tun 1982 da manhajar da ke dawo da irin waɗannan fayilolin. Daga baya aka sami waɗanda ba ruwansu da rajista kwata-kwata, suna magana da ma'adanar kai tsaye, suna bin shago ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa. Irinsu SpinRite ta Steve Gibson, da MHDD ta Dmitry Postrigan, da Victoria wadda ta fito daga Belarus. Masu gyara a Low Yat na lokacin sun fi son MHDD, kyauta ce kuma tana tashi daga faifan CD ba sai Windows ba.

Ina tuna allon kamar yau. 'Yan murabba'ai na ta zubowa layi-layi, kowanne na nuna tsawon lokacin da gurbin ya ɗauka kafin ya amsa. Mai ruwan toka ya amsa nan take. Kore ya ɗan yi nawa. Ja ya sha wuya kafin ya amsa, in kuma aka ga alamar giciye to wannan shagon ya rushe. Daga yadda launukan suka watsu mai gyara ke karanta cutar: jajaye a dunƙule wuri ɗaya na nuna rauni a faifai, in kuma suna zuwa suna ɓacewa a tsare, ana zargin ɗaya daga cikin kawunan ne ya gaji. Namu toka ne daga sama har ƙasa. Ankul ya ce wa Baba faifan lafiyarsa ƙalau, rajista ce kawai yaron nan ya yaga.

Mun kuma ci sa'ar zamani. Windows XP ce a gidanmu, ita kuwa ko cikakken fomat ta yi ba ta bin sektoci tana rubuta sifili. Daga Vista aka canza wannan. Da cikakken fomat na yi a Vista, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Wani abu da nake so 'yan uwa masu taɓa kwamfuta su riƙe: shi kansa sikanin wahala ne ga ma'adana. Tilasta wa mai raunin kai ta karanta sekta miliyan 78 kamar a sa mai zazzaɓi ya zagaye ganuwar Kano ne don a gane ko ba shi da lafiya. Shi ya sa ƙwararru ke fara ɗaukar kwafin faifan sukutum zuwa wata ma'adanar, da manhaja irin ddrescue wadda ke kwashe wurare masu sauƙi tukuna ta dawo kan masu wuya daga baya, sannan a yi duk wani tone-tone a kan kwafin. Kuma a cikin MHDD ɗin akwai umarnin da ke "gyara" mugun gurbi ta hanyar shafe abin da ke ciki. Ma'adana ta warke, kundin digiri ya tafi. Ankul kwafi ya fara ɗauka, ya ce mu je mu sha shayi.

Ƙirar bayan gida

Kafin mu fita Baba ya juya ma'adanar ya ga an rubuta ƙirar Maleshiya ce. Ya yi dariyarsa ta farko a ranar, ya ce shi duk zatonsa daga Amurka aka kawo ta.

Asalinta dai can ne. IBM ce ta fitar da ta farko a 1956 a San Jose, faifai 50 masu faɗin inci 24, girmanta ya kai firji biyu, tana ɗaukar haruffa miliyan 5. A 1980 Seagate ta matse megabait 5 a cikin akwatin da zai shiga kwamfutar tebur. Amma haɗa ta aiki ne na hannu da ido da haƙuri, don haka kamfanonin suka bazama neman ma'aikata masu arha, suka sauka a Singafo, daga nan suka bazu Tailan da Maleshiya.

Ita Maleshiya ta riga ta share fage. Ta yi dokar yankunan ciniki marasa haraji a 1971, aka buɗe na Bayan Lepas a Penang a 1972, Intel ta shigo a shekarar. A nan kusa da mu akwai na Sungai Way a Petaling Jaya, a bakin babban titin da ya tafi Klang. Western Digital ta kafa masana'anta a wurin a 1973, da farko tana haɗa ƙananan kayan lantarki, a 1994 ta koma haɗa had-dis. Yawancin masu aikin a irin waɗannan masana'antu 'yan mata ne daga ƙauyuka, har aka laƙaba musu sunan raini, Minah Karan, kamar ka ce Aminar lantarki. Na kan yi tunanin kwamfutoci nawa ne a kafe-kafen intanet na Zoo Road, inda yayyenmu suka buɗe Yahoo ɗinsu na farko, ke ɗauke da aikin hannun waɗannan matan, ba wanda ya san wani.

Duniya ba ta gane yadda ta jingina da wannan yankin ba sai a Oktoban 2011, da ambaliya ta shanye masana'antun Tailan, har da na Western Digital a Bang Pa-in da Navanakorn. Cikin makonni farashin had-dis ya kusa ninkawa, daga Low Yat har Ikeja.

Abin da ya dawo

Washegari muka koma. Tun da rajista ta lalace, Ankul ya yi amfani da PhotoRec, manhajar wani Bafaranshe, Christophe Grenier. Ita ba suna take nema ba, kamanni take bi. Kowane irin fayil na da tambarin da yake farawa da shi. Hoton JPEG, misali, da FF D8 FF yake buɗewa. Duk inda ta ga tambarin sai ta ce ga hoto, ta yanko shi. To amma suna a rajista yake, da folda, da ranar ajiya. Abin da aka ba mu tulin fayiloli ne dubbai masu suna irin f0482216, ba tsari ba kan gado.

Kuma ba abin da muka ajiye kaɗai ya dawo ba. Ku tuna ma'adanar ta taɓa zama cikin laftof. Duk wani ɗan hoton da burauza ta taɓa saukewa daga shafukan intanet shekarun baya, wanda ba a rubuta wani abu a kansa ba, ya taso. Ga Thierry Henry, ga tambarin banki, ga taswirar yanayi. Muna zaune a falo mu duka muna tacewa, sai ga hoton wata mata kyakkyawa da lulluɓi ruwan hoda, tana murmushi, ba wanda ya san ta.

Umma ta ce, "Malam, wannan fa?"

Baba ya rantse bai taɓa ganinta ba, kuma na yarda da shi, kusan tabbas tallar mayafi ce daga wani shafi. Amma faifan ba zai iya wanke shi ba. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne hoton ya taɓa sauka a kansa. Wa ya kawo shi, yaushe, da wace niyya, duk wannan yana cikin rajistar da na yaga. An yi dariya an wuce. Shekara bakwai bayan haka na ga irin wannan tambayar ta dawo, wannan karon da rayuka 239 a kanta.

Ma'adanar kyaftin

Duk wanda ke Kuala Lumpur ranar 8 ga Maris 2014 ba zai manta ba. Jirgin Malaysia Airlines mai lamba MH370, ƙirar Boeing 777, ya tashi daga Sepang bayan ƙarfe sha biyun dare zai tafi Beijing da fasinja 227 da ma'aikata 12, ya ɓace. Ranar 15 ga wata Firayim Minista Najib Razak ya ce yadda jirgin ya juya ya yi kama da aikin ganganci na wani da ke ciki. A ranar 'yan sanda suka shiga gidajen matuƙan biyu. A gidan kyaftin ɗin suka kwance na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi da ya haɗa da kansa, abin da bai taɓa ɓoyewa ba, har hotunanta ya sa a intanet.

Ranar 19 ga Maris, Hishammuddin Hussein, wanda ke riƙon ma'aikatar sufuri, ya shaida wa 'yan jarida cewa an goge wasu bayanai daga na'urar kuma ana ƙoƙarin dawo da su. Shugaban 'yan sanda Khalid Abu Bakar ya ce ranar 3 ga Fabrairu aka share su. Aka nemi taimakon hukumar FBI ta Amurka. Kalmar "an goge" kaɗai ta isa ta sa rabin duniya yanke wa mutumin hukunci, alhali duk mai wasa a kwamfuta yana goge abubuwa kullum.

Me aka tono? Windows na da wata ɗabi'a ta ɗaukar kwafin inuwa, wato ta adana yadda sassan faifai suke a wani lokaci ba tare da mai kwamfutar ya sa ta ba. A irin wannan inuwar, mai kwanan wata 3 ga Fabrairu 2014, aka sami gutsattsarin fayilolin wasan Microsoft Flight Simulator. A Yulin 2016 mujallar New York ta fallasa cewa akwai wurare shida a ciki waɗanda in an haɗa su za su ba da hanya daga Kuala Lumpur, a bi mashigin Malaka, a karya kudu zuwa can ƙasan tekun Indiya, yankin da bayanan tauraron ɗan adam suka nuna jirgin ya ƙare. Hukumomin Ostireliya da ke jagorantar nema suka tabbatar akwai bayanan, amma suka ce iyakar abin da suke nunawa shi ne yiwuwar shiri, ba su faɗi abin da ya faru a daren ba, ba su kuma nuna inda jirgin yake ba.

Rahoton Maleshiya na 30 ga Yuli 2018, ƙarƙashin Kok Soo Chon, ya ƙara bayani. 'Yan sanda sun tsinto wurare sama da 2,700 daga gutsattsarin fayiloli daban-daban, yawancinsu na wasan ne da ya zo da su. Bakwai ne aka ce an shigar da hannu, su ne ke zana waccan hanyar in an ja layi a tsakaninsu. Sai dai rahoton ya ce ba a iya tantance ko daga fayil ɗaya suka fito ko daga da yawa ba, kuma 'yan sanda ba su ga wani abu da ya wuce wasa ba. A ƙarshe kwamitin ya ce bai iya gano ainihin dalilin ɓatan jirgin ba.

Ni a nawa ganin, kuma ra'ayina ne, ɓangarorin biyu duk sun so faifan ya faɗi abin da ba ya cikinsa. Masu cewa ba komai ba ne sun yi sauri, domin hanyar da ta ƙare a tsakiyar teku inda babu filin sauka abar tambaya ce, kuma akwai masanan da suka nazarci sauran lambobin da ke cikin gutsattsarin suka ce tafiya ɗaya ce. Masu cewa magana ta ƙare su ma sun yi sauri. Ɗigo-ɗigon na kan faifai, layin da ya haɗa su kuwa mutum ne ya ja shi. Ko da an tabbatar tafiya ɗaya ce, tsakanin abin da mutum ya gwada a ɗakinsa a Fabrairu da abin da ya faru a sama a Maris akwai ramin da babu manhajar da za ta cike shi. Mutumin na da iyali a garin nan, sauran 238 ma suna da nasu iyalan. An share murabba'in kilomita 120,000 na ƙasan teku kafin a dakatar da nema a Janairun 2017, kamfanin Ocean Infinity ya sake gwadawa a 2018, duka biyun ba su kai ga gangar jirgin ba. Na'urorin da za su iya ba da labarin daren da tsarinsa, baƙin akwatin nan biyu, suna tare da ita.

A watan da rahoton ya fito, Yulin 2018, Western Digital ta sanar za ta rufe masana'antar had-dis ta Petaling Jaya zuwa ƙarshen 2019. Kasuwa ta koma kan SSD, ma'adanar da ba faifai ba juyi. Ku lura da wannan, domin ya shafi laftof ɗin da ke gabanku: tun daga Windows 7 a 2009, idan ka goge fayil a SSD, kwamfuta na aika mata umarnin da ake kira TRIM, ita kuma ta bi shagunan ta share su da kanta. Sassaucin da tsohon faifai ya yi min ina ɗan 14, ƙannenmu ba lallai su samu ba.

Babi uku na Baba sun dawo cif. Na huɗu ya dawo rabi, ya sake buga sauran daga takardun da malaminsa ya yi wa jan biro. Hotunan Katsina mun tsinci 61. Uku daga ciki a warwatse aka ajiye su a faifan, PhotoRec ta kamo farkonsu ta rasa ƙarshen. Ɗaya shi ne wanda Kaka ke zaune a kan tabarma a tsakar gida, ana ganin fuskarta da kallabinta da kafaɗar Umma, daga ƙirji zuwa ƙasa kuma toka ce zalla. Shi Umma ta sa aka wanke, yana rataye a falo.